Zaluncin da Ya Sa Rigar Ƙa'ida: Halin da Malaman Jami'a Suka Shiga a Birtaniya Bayan Ilmi Ya Zama Haja

Duk wanda ya zauna a gaban malamai, ko ya leƙa littattafan da magabata suka wallafa a kan tarihin ma'abuta ilmi, ya san cewa hassada da gasa da son fifiko ba baƙi ba ne a tsakanin masana, domin kuwa tun zamanin da ake tafiyar watanni a bisa raƙumi don a ji hadisi guda, ba a rasa malamin da ƙirjinsa yake ƙunci idan ya ga zauren ɗan'uwansa ya fi nasa cika. Imamu Buhari da kansa, bayan da mutanen Naisabur suka yi masa gagarumar tarba, bai daɗe ba sai saɓani ya shiga tsakaninsa da babban malamin garin, Muhammadu ɗan Yahaya Zuhali, har zama ya gagare shi ya fita. Saboda sanin wannan hali ne masu tantance maruwaita suka kafa ƙa'idar cewa sukar da tsara ya yi wa tsaransa ba a karɓarta sai da hujja bayyananniya, kuma shi ya sa Imamu Gazali ya tsawaita bayani a cikin Ihya'u a kan illolin da munazara take haifarwa a zukatan malamai, na daga girman kai da riya da giba da farin ciki da tuntuɓen abokin jayayya.

Bisa ga haka, ba labari ba ne a ce malaman jami'a a ƙasar Birtaniya suna gallaza wa junansu. Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, a cikin shekaru 40 ɗin da suka shige, wannan tsohuwar cuta ta samu abin da ba ta taɓa samu ba, wato ofis da hatimi da ma'auni da takardar cikewa, ta yadda mutum yake iya ƙuntata wa abokin aikinsa har ya raba shi da barci da lafiya da sana'a, alhali bai ɗaga murya ba, bai furta kalmar zagi ba, bai kuma saɓa wa ko da layi ɗaya na dokar ma'aikatarsa ba.

Wasiƙar da ta iso bayan rasuwar mai ita

Ranar 25 ga Satumba, 2014, aka tarar da Farfesa Stefan Grimm ya rasu a gidansa da ke Northwood, a gefen birnin Landan. Bajamushe ne ɗan shekara 51, masanin illar guba a jikin ɗan Adam, wanda yake bincike a Kwalejin Imperial a kan ƙwayoyin halittar da suke iya kashe ƙwayoyin cutar daji. Bayan kamar wata guda, ranar 21 ga Oktoba, sai ga wasiƙa ta fito daga akwatinsa na imel zuwa ga wasu abokan aikinsa, wadda ya tsara ta tashi bayan ba ya nan, a cikinta yana bayyana yadda aka sanar da shi cewa kwanakinsa a kwalejin ƙidayayyu ne, ba don bincikensa ya rasa inganci ba, ba kuma don ya daina wallafa maƙaloli ba, sai don kuɗin tallafin binciken da yake jawowa bai kai abin da aka ɗora masa ba. Ya ce wurin ya tashi daga jami'a ya koma kamfanin kasuwanci, inda 'yan kaɗan da ke sama suke cin riba, sauran kuwa tatsarsu ake yi.

Da mujallar Times Higher Education ta buga wasiƙun a ƙarshen shekarar, jama'a suka ga takardar da shugaban sashensa ya aika masa a watan Maris na 2014. An gaya masa cewa yana fama ya cika ma'aunin da ake buƙata ga mai kujerar farfesa, wato ya riƙa jawo kuɗin bincike na fam 200,000 kowace shekara, kuma lalle ne a cikin wata 12 ya samo babban tallafi wanda shi ne jagoransa. Kwalejin ta ce ba ta kai ga buɗe masa tuhuma a hukumance ba, ba ta kuma ba shi takardar sallama ba. Alƙalin binciken musabbabin mutuwa, da ya zauna a watan Afrilu na 2015, ya tabbatar cewa Grimm shi ya halaka kansa, ya kuma siffanta mutuwar da cewa asara ce da ba ta kamata ta auku ba.

Ba hurumin mai rahoto ba ne ya yanke cewa abu kaza shi kaɗai ya kai mutum ga wannan mummunan mataki, gama abin da ke cikin zuciya Allah ne masaninsa. Amma akwai abin lura a takardar shugaban sashen, wanda shi ne jigon wannan magana: an rubuta ta da ladabi, babu ashar a cikinta, babu ɓatanci, bal ma marubucinta ya yi alkawarin zai riƙa zama da Grimm wata-wata don ya taimake shi. Illar tana cikin abin da aka nema, domin tallafin bincike ba abu ne da ƙwazo kaɗai yake kawowa ba; a yawancin hukumomin da suke bayar da shi, daga cikin masu nema huɗu ko biyar ɗaya ne yake dacewa, sauran kuwa a mayar musu da takardunsu ko da alƙalan sun yaba. Wanda aka rataya abincinsa a kan wannan, misalinsa kamar mai haƙar rijiya ne da aka ce ba za a biya shi ladan haƙa ba sai bisa yawan ruwan da ya ɓuɓɓugo, alhali ba shi ya ajiye ruwan a ƙarƙashin ƙasa ba.

Yadda aka kai ilmi kasuwa

Wannan hali bai faɗo daga sama ba, daki-daki aka gina shi. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher ta zabge kuɗin da take ba jami'o'i, har Jami'ar Salford ta rasa fiye da kashi 40 cikin 100 na kasonta. A 1985 kwamitin Sir Alex Jarratt ya ba da shawarar a ɗauki shugaban jami'a a matsayin babban manajan kamfani, ba babba a cikin tsararrakinsa malamai ba, a kuma ƙarfafa hukumar gudanarwa a kan majalisar malamai. A 1986 aka yi awon farko na ingancin bincike a ƙasa baki ɗaya, wanda bisa sakamakonsa ake raba kuɗi. A 1988 dokar gyaran ilmi ta soke tabbacin kujera ga waɗanda aka ɗauka ko aka ƙara wa girma daga ƙarshen 1987, wato kariyar nan da ta hana a sallami malami don kawai an ce ba a bukatar gurbinsa. A 1992 kuma aka mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i, masu gasa suka yawaita.

Sa'an nan aka juya kan ɗalibai. A 1998 aka fara karɓar kuɗin karatu fam 1,000 a shekara. A Ingila ya hau zuwa fam 3,000 a 2006. Bayan rahoton Lord Browne na 2010 ya kai fam 9,000 a 2012, a daidai lokacin da gwamnati ta janye mafi yawan tallafin koyarwa da take bayarwa kai tsaye. A 2015 aka cire ƙayyade adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka, a 2018 kuma aka kafa hukumar da ake kira Ofishin Ɗalibai don ta sa ido a kan jami'o'i yadda ake sa ido a kan kasuwa. Daga nan ɗalibi ya zama mai saye, darasi ya zama haja, jami'ar da ba ta cika azuzuwanta ba kuwa ta kama hanyar karaya.

Kasuwa ba ta tafiya sai da mizani, saboda haka aka ƙera mizanai iri-iri. Akwai awon bincike, wanda tun 2014 ake kiransa REF, inda ake ba kowane littafi ko maƙala taurari daga 1 zuwa 4, kuɗi kuwa ba ya bin sai mai taurari 3 ko 4. Akwai ƙuri'ar jin ra'ayin ɗalibai masu kammalawa da aka soma a 2005. Akwai awon koyarwa da ya zo a 2017. Akwai jadawalin martabar jami'o'i da jaridu suke bugawa kowace shekara, wanda iyaye daga Shanghai har Kano suke dubawa kafin su biya wa 'ya'yansu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana zama nauyi a wuyan shugaban jami'a, shi kuma ya sauke a kan shugaban tsangaya, na tsangaya ya sauke a kan na sashe, na sashe kuwa, wanda jiya-jiya abokin shan shayi ne, ya wayi gari da jerin sunayen abokansa da lambobi a gaban kowane suna, an kuma ce masa shi ma da waɗannan lambobin za a yi masa hisabi.

Siffofin cin zalin

Masanin halayyar ɗan Adam Heinz Leymann, Bajamushen da ya yi aikinsa a Suwidin, yana cikin waɗanda suka fara nazarin wannan al'amari a tsanake a shekarun 1980, ya kuma nuna cewa cin zali a wurin aiki ba a gane shi da faɗa ɗaya ko kalma ɗaya, sai da maimaituwa da daɗewa: ƙananan ayyuka ne da ake yi wa mutum aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata 6 ko fiye, waɗanda in aka ɗauki kowane shi kaɗai ba zai isa ƙara ba, amma in suka taru sai su karya shi. Kenneth Westhues na Jami'ar Waterloo a Kanada ya bi sawun wannan a cikin jami'o'i, ya nuna cewa sau da yawa ba raggo ake tarar wa ba, wanda ya yi fice ko ya cika faɗin gaskiya shi ake yi wa taron dangi.

A jami'a abin yana da nasa salo, kuma salon masu ilmi ne, a natse ake yinsa. A cire sunan mutum daga taron da ya shafi aikinsa, a ce mantuwa ce. A ɗora masa darussan da kowa yake gudu, a rage masa lokacin bincike, sa'an nan ƙarshen shekara a tambaye shi ina bincikensa. A karɓe ɗalibansa na digirin digirgir, ko ɗakin gwajinsa, da sunan sake tsari. A sa babba ya liƙa sunansa a kan maƙalar da ƙarami ya sha wahalarta. A jinkirta takardar shaidar da in babu ita ba zai samu aiki a wani wuri ba. Kafin awon 2021, lokacin da jami'a take da ikon zaɓen malaman da za ta gabatar a REF, barin sunan malami a waje ya zama tambarin gazawa, kuma daga nan akan lallaɓa shi ya koma kwantiragin koyarwa zalla. Sama da duka akwai abin da ake kira tsarin kyautata ƙwazo, wanda a takarda taimako ne, amma malamai da yawa suna ɗaukarsa ƙofar fita ce da aka yi wa fenti.

Labarin Farfesa Thomas Docherty na sashen Ingilishi a Jami'ar Warwick ya nuna iyakar da abin yake kaiwa. Mutum ne da ya shahara da sukar mayar da jami'a kasuwa. A watan Janairu na 2014 aka dakatar da shi, aka hana shi shiga harabar jami'ar da yin magana da ɗalibansa da abokan aikinsa, har kusan wata 9. Daga cikin abubuwan da aka tuhume shi da su akwai ajiyar zuciya da ba ta dace ba, da maganar gatse, da yanayin zamansa a wurin ganawa da masu neman aiki, waɗanda aka ce suna zubar da ƙimar shugabar sashensa. Jami'ar ta musa cewa ra'ayinsa ne musabbabi, daga ƙarshe kuma aka wanke shi daga dukkan tuhumar. To amma wanda ya ga farfesa mai suna ya shafe wata 9 a killace saboda ajiyar zuciya, ba ya bukatar a gaya masa ya kame bakinsa a taron sashe.

Akwai kuma nau'in da ba shi da fuska ko kaɗan, wato lodin aiki. A watan Fabrairu na 2018 Malcolm Anderson, malamin ilmin akanta a Jami'ar Cardiff da ke Wales, ɗan shekara 48, ya halaka kansa a wurin aikinsa, kuma a zaman binciken mutuwarsa aka ji cewa an ba shi takardun jarrabawa 418 ya duba a cikin kwana 20, ban da sauran ɗawainiyar da ke kansa. A nan babu wani mutum ɗaya da za a nuna da yatsa, sai jadawalin rabon aiki da ya ƙiyasta wa kowane aiki mintocin da ba su isarsa.

Waɗanda suka fi shiga uku su ne waɗanda ba su da gindin zama. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na malaman jami'o'in Birtaniya suna kan kwantiragi mai wa'adi, na shekara ɗaya ko biyu ko uku, kuma sabunta shi yana hannun mutumin da za su kai ƙararsa in sun ce za su kai. A 2019 Dokta Nicola Rollock ta yi wa ƙungiyar malamai ta UCU bincike a kan mata baƙar fata masu kujerar farfesa, waɗanda a lokacin su 25 ne kacal a ƙasar duka. Ta zanta da 20 daga cikinsu, suka ba ta labarin raini da tsangwama da tsallake su a wajen ƙarin girma. Baƙon da takardar izinin zamansa take rataye da aikinsa kuwa, ko daga Afirka ya zo ko daga Asiya, ya san cewa ranar da aikin ya tafi, zaman ma ya tafi.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Kada a ɗauka waɗannan labaran ɗaiɗaiku ne da aka tsinto. A watan Janairu na 2020 gidauniyar Wellcome, wadda tana cikin manyan masu ba da kuɗin binciken lafiya a duniya, ta fitar da sakamakon tambayar da ta yi wa masu bincike fiye da 4,000, yawancinsu a Birtaniya: kashi 43 cikin 100 suka ce an taɓa cin zalinsu ko an tsangwame su a wurin aiki, kashi 61 suka ce sun ga an yi wa wani, kashi 37 ne kaɗai suka ce za su iya buɗe baki ba tare da fargaba ba, kashi 78 kuwa suka ce tsananin gasa ya haifar da yanayi na rashin tausayi da keta. Lambar ƙarshen nan ita ce mafi nauyi, domin masu abin da kansu ne suka haɗa cutar da sababinta. Kafin wannan, a 2018, jaridar Guardian ta nemi bayanai daga jami'o'i bisa dokar 'yancin samun bayani, ta tarar cewa an kai ƙarar malamai kusan 300 a kan cin zali a 'yan shekarun da suka gabata. In aka gwama wannan adadi da na Wellcome, sai a gane cewa abin da yake isa ofis ɗan kaɗan ne daga abin da yake faruwa.

Dalilin da ya sa ƙara ba ta cika amfani ba

Kowace jami'a tana da kundin mutunta ma'aikaci, mai kyawawan kalmomi. Amma ofishin kula da ma'aikata da ake kai wa ƙara, jami'ar ce take biyansa, kuma amanar da aka ba shi ita ce ya kare ta daga shari'a da zubewar suna. In mai ƙara ƙaramin malami ne mai kwantiragin shekara biyu, wanda ake ƙara kuwa farfesa ne da yake jawo miliyoyin fam, to lissafin kasuwa ya riga ya nuna wanda asararsa ta fi sauƙi. Sai a ja bincike watanni, a kira abin saɓanin hali, a ba da shawarar sulhu kamar ƙarfin ɓangarorin biyu ɗaya ne, daga bisani a miƙa wa mai ƙara 'yan kuɗi da takardar kame baki. A watan Afrilu na 2019 BBC ta bayyana cewa jami'o'in Birtaniya sun kashe kimanin fam miliyan 87 a cikin shekara biyu wajen sallamar ma'aikata da irin wannan yarjejeniya. Ba dukkansu ne suka shafi cin zali ba, amma duk inda aka yi amfani da ita don haka, ma'anarta ita ce wanda aka zalunta ya tafi da bakinsa a ɗinke, azzalumi ya zauna ya jira na gaba.

Wani lokaci ma ɓarnar daga ƙololuwa take. A 2020 wata babbar lauya, Jane McNeill, ta binciki ƙorafe-ƙorafe a kan shugabar Kwalejin Imperial ɗin nan, Farfesa Alice Gast, da babban jami'in kuɗinta, Muir Sanderson, ta kuma samu cewa sun ci zalin wasu ma'aikata. Dukansu biyu sun nemi gafara, amma ba a sauke su a lokacin ba, kuma kwalejin ta ƙi sakin rahoton sai a watan Fabrairu na 2022, bayan da hukumar kula da 'yancin samun bayani ta tilasta mata.

Doka ma ba ta cika buɗe ƙofa ba. A Birtaniya babu dokar da ta haramta cin zali a wurin aiki da sunansa. Dokar daidaito ta 2010 tana hukunta tsangwama ne in ta danganci jinsi ko launi ko addini ko naƙasa ko makamantansu, wanda aka gallaza wa don kawai an tsane shi kuwa, sai dai ya ajiye aikin ya je kotun ma'aikata ya tabbatar cewa tilasta masa aka yi, kuma ƙa'idar da aka yi aiki da ita tun 2012 ta shardanta sai ya cika shekara 2 a wurin. Suwidin ta yi tata dokar tun 1993, Faransa a 2002, Ostareliya kuma ta ba hukumar ƙwadagonta ikon tsawatarwa daga 2014. A Faransa ne ma aka kai matakin da ya fi dacewa da abin da muke magana a kai, domin a watan Disamba na 2019 wata kotu a Paris ta samu kamfanin France Télécom da tsohon shugabansa Didier Lombard da laifin gallazawa ta hanyar tsarin gudanarwa, saboda dabarun da aka bi don a sa ma'aikata 22,000 su tafi da ƙafarsu. Wannan hukunci ya tabbatar cewa manufa ma tana iya zama makamin zalunci, kuma wanda ya tsara ta ba zai fake da cewa bai taɓa kowa da hannunsa ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ya wajabta a ji ta bakin masu wannan tsari. Suna cewa jami'ar da, wadda ake yi wa kuka, ba aljanna ba ce: farfesa yana iya shafe shekara 20 bai rubuta komai ba babu mai tambayarsa, ƙarin girma yana bin sanayya da makarantar da mutum ya fito, mata da baƙi kuwa suna bakin ƙofa, ma'auni, in ji su, shi ya karya wannan danniya, kuma dukiyar jama'a amana ce da dole a yi bayanin yadda aka kashe ta. Suna ƙarawa da cewa ba duk wanda aka ce wa ya gyara aikinsa ne aka ci zalinsa ba. Waɗannan maganganu akwai gaskiya a cikinsu, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar malami ba muhasaba. Sai dai akwai bambanci tsakanin a tambayi mutum abin da yake cikin ikonsa, wato ƙwazonsa da ingancin karatunsa da riƙon ɗalibansa, da a tambaye shi abin da ba ya cikin ikonsa, sa'an nan a hukunta shi a kan rashinsa. Shari'a da hankali sun haɗu a kan cewa ba a kallafa wa rai abin da ba ta iyawa. Ban da haka, ma'auni bai kawar da son kai ba, sutura ya ba shi, domin har yanzu mutum ne yake zaɓen wanda za a auna da tsanani da wanda za a kau da kai gare shi.

Gyaran da aka soma, da abin da ya rage

An ɗan motsa. Rahoton da Farfesa James Wilsdon ya jagoranta a 2015 a kan amfani da lambobi wajen awon bincike ya ambaci mutuwar Grimm tun a gabatarwarsa, ya yi kira da a yi hattara. Jami'o'i da yawa, har da Imperial a 2017, sun sa hannu a kan sanarwar San Francisco ta 2012, wadda ta hana a auna malami da martabar mujallar da ya buga a ciki maimakon a karanta abin da ya rubuta. A 2018 Wellcome ta shardanta wa duk cibiyar da take neman kuɗinta ta bayyana in an samu jagoran bincike da laifin cin zali, kuma a shekarar ta janye tallafin fam miliyan 3.5 daga wata shahararriyar masaniya a Landan; wannan kuwa harshe ne da kasuwa take ji. A watan Janairu na 2022 ministar jami'o'i Michelle Donelan ta nemi jami'o'i su yi alkawarin daina rufe bakin masu ƙara, kuma dokar 'yancin magana a jami'o'i ta 2023 ta ƙunshi sashen da ya haramta hakan.

Amma tushen bai taɓu ba, bal ma ƙasa ta ƙara zafi. A Ingila an bar kuɗin karatun 'yan ƙasa a fam 9,250 daga 2017 har 2025 alhali tsadar kaya tana cinye shi, sai jami'o'i suka dogara da ɗaliban waje masu biyan ninki, waɗanda 'yan Nijeriya suka kai matsayi na uku a cikinsu bayan Indiya da Sin. Da darajar Naira ta faɗi, gwamnati kuma ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, sai adadin ya ragu, gibi ya bayyana, aka shiga rage ma'aikata. Jami'ar Cardiff kaɗai ta sanar a farkon 2025 cewa tana shirin soke guraben malamai 400. A lokacin da kowa yake tsoron kada sunansa ya fito a jeri, mai ƙara yana ƙara yin shiru, mai gani yana ƙara kau da kai.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga mai karatu a ƙasar Hausa, domin jami'o'inmu, tun daga Ibadan a 1948 da Zariya a 1962, a kan tsarin Birtaniya aka gina su, kuma abin da aka saka a can ba ya daɗewa sai a yanko mana. Tun da aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi a Nijeriya a 1999, adadinsu ya haura 100, rayuwarsu a kan kuɗin ɗalibi take, galibinsu kuma ba su da reshen ƙungiyar malamai. A na gwamnati ma ƙidayar maƙaloli ta zama ƙofar ƙarin girma, neman shiga jadawalin duniya ya zama abin alfahari. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan tsangwama a wurin aiki a 2022, shekarar da Birtaniya ma ta amince da ita, saura aiwatarwa.

Saboda haka kira ga hukumomin gudanarwar jami'o'i, na can da na nan, shi ne kada a ɗora wa malami adadin kuɗin da ba shi yake rabawa ba; a sa binciken ƙara a hannun wanda ba ya cin albashin wanda ake ƙara; a daina sayen shirun wanda aka zalunta; a kuma auna shugaban sashe da halin da ya bar mutanensa a ciki kamar yadda ake auna shi da kuɗin da ya tara. Kira ga malamai kuwa shi ne, wanda abin ya same shi ya riƙa rubuta kowace aukuwa da ranarta da waɗanda suka halarta, kada ya shiga ganawa shi kaɗai. Wanda ya gani kuma ya sani cewa ɓoye shaida laifi ne, kuma a mafi yawan lokuta shirun abokan aiki ne yake ba azzalumi ƙarfin da ba shi da shi.